Ɗaurin Talala: Riƙon da Ƙasa ke Yi wa Maganin Ciyawa da Alhakin Mai Feshi

Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da malaman fiƙihu da masana ɗabi'a suka daɗe suna juyawa akwai wadda ta shafi iyakar alhaki, wato ko nauyin aiki yana sauka daga wuyan mai shi da zarar alamar aikin ta ɓace wa ido, ko kuwa yana ci gaba da binsa muddin wani abu na aikin yana nan yana tasiri a inda ba a gani. A da, misalan da ake kawo wa wannan mas'ala su ne rijiyar da aka haƙa a kan hanya, da wutar da aka kunna a gona ta tsallaka ta cinye amfanin maƙwabci. A yau mas'alar ta sami sabon misali a gonakin Karfi da ke ƙaramar hukumar Malumfashi, da sauran garuruwan noma na kudancin Jihar Katsina, inda famfon feshi ya shiga jerin kayan aikin damina tare da fartanya da garma. Manomi yakan fesa maganin ciyawa da hantsi, kafin azahar ƙasa ta bushe babu launi babu wari, alhali ilimin ƙasa ya tabbatar da cewa abin da aka fesa ɗin yana nan, ƙwayoyin ƙasa sun kama shi sun riƙe, wani na kwanaki, wani na watanni, wani kuwa na shekaru. Manufar wannan nazari ita ce bayyana yadda riƙon yake, sannan a auna abin da yake nufi ga mutumin da ya yi imani cewa gona amana ce a hannunsa.

Yadda feshi ya shigo gona

Kudancin Katsina tsohuwar ƙasar auduga ce da dawa, kuma masana'antun gurzar auduga na Funtuwa shaida ne a kan haka. Babban sauyi ya zo a 1975, lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe. Shirin na Funtuwa ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Da takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, masara ta tashi daga amfanin bayan gida ta zama amfanin kasuwa. Sai dai takin da ke ciyar da masara shi ne kuma ke ciyar da harkiya da gyazama da aya-aya, kuma noman firi da maimai suna zuwa wa kowa a lokaci guda, a daidai zamanin da gandu ke rarrabuwa, gayya ke ja da baya, ƙwadago kuma ke ƙara tsada. A irin wannan hali maganin ciyawa sauƙi ne na gaske, domin ya ɗauke wa tsoho da mai ƙaramin ƙarfi wahalar da ta fi kowace cin jiki a aikin gona, kuma duk nazarin da ya yi watsi da wannan alheri bai yi wa manomi adalci ba. Asalin abubuwa irin wannan a shari'a halacci ne, don haka abin da ake bincike a nan shi ne sharaɗin da ke tafiya tare da halaccin.

Ma'anar riƙon ƙasa

Abin da ake nufi da riƙo shi ne mannewar sinadarin magani a jikin ƙananan ƙwayoyin ƙasa, ta yadda ba ya yawo cikin ruwan da ke tsakaninsu, don haka saiwar tsiro ba ta samunsa, ruwan sama kuma ba ya tafiya da shi ƙarƙashi. Abubuwa uku ne ke wannan aiki. Na farko laka, wadda ƙwayoyinta ke ɗauke da wani irin cajin lantarki mai jan duk abin da ke ɗauke da kishiyarsa, kamar yadda maganaɗisu ke jan allura. Na biyu ruɓin ƙasa, wato ragowar ganye da kara da kashin dabbobi da suka ruɓe suka zama baƙin da ake gani a gonar da ta sha takin gargajiya. Na uku tsatsar ƙarfe, wadda ita ce ke ba jangargari da marmara jan launinsu. Yashi kuwa kusan ba ya riƙe komai, shi ya sa jigawa ta fi kowace ƙasa saurin sakin abin da aka zuba mata.

Kowane magani da irin ɗaurin da ƙasa ke yi masa. Farakwat, wanda ya shiga kasuwa a 1962 da sunan Gramoxone kuma manoma suka san shi da saurin ƙona ciyawa, yana ɗauke da cajin da laka ke ja, saboda haka da zarar ya taɓa ƙasa sai ta yi masa ɗaurin huhun goro, aikinsa a kan tsiro ya tsaya nan take. Amma wannan ɗaurin ne kuma ke ɓoye shi daga ƙananan halittun ƙasa da za su narkar da shi, har ya kan zauna shekaru yana raguwa sannu a hankali. Gilifoset, wanda ya fito a 1974 da sunan Roundup kuma yake bin ganye ya kashe tofa da ƙiri-ƙiri har saiwa, tsatsar ƙarfe ce ta fi kama shi, kuma gurbin da yake mannewa shi ne gurbin da sinadarin takin sufa ke nema, don haka su biyun sukan yi gogayya a kan wuri ɗaya. Wannan ƙaunar da magungunan biyu ke yi wa ƙasa ita ce dalilin da ya sa wanda ya haɗa su da gurɓataccen ruwan kududdufi yake ganin aikinsu ya yi rauni, domin lakar da ke cikin ruwan ta riga ta kama wani kaso tun maganin yana cikin famfo. Ƙarfin jan laka ya kai ga cewa likitoci kan ba wanda ya haɗiyi farakwat wata irin laka ko gawayin asibiti don su kama gubar a ciki kafin ta shiga jini, kasancewar gubar ba ta da makari.

Atirazin kuwa, wanda aka fara sayarwa a 1958 kuma ake rufe gonar masara da dawa da shi bayan shuka, shi kaɗai ko a gauraye kamar a cikin Primextra, ɗaurin talala ƙasa ke yi masa, irin wanda ake yi wa akuya da doguwar igiya: tana ɗaure, amma tana kai bakinta nesa. Ruɓin ƙasa ne babban mai riƙe shi, riƙon kuma sako-sako ne, yana kamawa yana saki gwargwadon ruwan da ya ratsa. Da ƙasa za ta ɗaure shi tamau da bai kashe ciyawar da ke tsirowa ba, da kuma za ta sake shi gaba ɗaya da ruwan farko ya tafi da shi, saboda haka amfaninsa da haɗarinsa daga tushe ɗaya suke. Masana kan auna daɗewar magani da abin da suke kira rabin rayuwa, wato tsawon lokacin da rabin abin da aka fesa yake ɗauka kafin ya narke. Na atirazin yakan kai kimanin wata 2 a matsakaicin hali, ma'ana bayan wata 4 kashi ɗaya cikin huɗu yana nan, kuma lokacin yakan ƙaru a busasshiyar ƙasa da ƙasar da ba ta da tsami, kamar wurin da aka tara toka.

Gwargwadon ƙarfin ƙasar yankin

Ƙasar tudu ta yankin Funtuwa da Malumfashi, wadda sashinta ya samu ne daga lallausar ƙurar da iska ta jibge a zamanin da ya shuɗe, tana da kyau ga noma, amma hannunta na riƙo gajere ne. Yawancin lakarta dangin farar ƙasa ce, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara, wadda cajinta bai kai na baƙar lakar da ke tsattsagewa da rani a yankin tafkin Chadi ba. Ruɓin ƙasa kuma a gonakin da ake nomawa kowace shekara ba ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100, domin zafi yana cinye shi da sauri, ana kwashe kara don dabbobi da danni da girki, ana ƙone sauran a lokacin sharar gona, barin gona ta yi saura kuma ya zama tarihi a inda jama'a suka yi yawa. Ruwan shekara, wanda ba ya nisa da milimita 1,000, yana sauka ne cikin 'yan watanni, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya, sai ya wanke saman gona ya gangara da shi fadama da rafi. Ko maganin da aka ɗaure tamau yakan yi tafiya ta wannan hanya, domin idan ƙwayar lakar da ke riƙe da shi ta tashi, tare suke tashi. Bayan damina kuma sai rani ya shigo, ƙananan halittun da ke narkar da magani su yi likimo saboda rashin laima, abin da ya rage a watan Oktoba ya kwana yana jiran ruwan baɗi.

A nan ne tsarin noman yankin ke fuskantar matsala, domin manomin Karfi bai saba da shuka abu ɗaya a gona ba: yakan sa wake a tsakanin masara, ya juya gona zuwa waken suya ko gyaɗa ko auduga, ya yi tumatir da kuɓewa a fadama, kuma duk waɗannan masu faɗin ganye ne da ragowar atirazin ke iya sa su rawaya ko ta hana su tsayuwa. Wanda ya ga haka yakan ɗora laifin a kan iri ko rashin taki, alhali musabbabin yana cikin ƙasar tun watannin baya. Jamus ta haramta atirazin a 1991, amma fiye da shekara 20 bayan haka ana samun burbushinsa a ruwan ƙarƙashin ƙasarta, Tarayyar Turai kuma ta janye izininsa a 2004 saboda yawan ƙetare iyakar da ta sa wa ruwan sha. A Nijeriya ma hukumar NAFDAC ta sanar a 2023 da matakan dakatar da farakwat da atirazin.

Bambancin ɓuya da gushewa

Fiƙihu ya riga ya tanadi ma'aunin da za a fahimci wannan al'amari da shi, ko da yake maganin ciyawa ba najasa ba ne a hukunci, kuma kwatancin na hanyar tunani ne kawai. Malamai sun bambanta tsakanin abin da ya ɓuya da abin da ya gushe. Game da ƙasar da najasa ta taɓa, Hanafiyya sun tafi a kan cewa bushewa ta isa a yi salla a kanta, amma duk da haka ba su yarda a yi taimama da ita ba, Malikiyya kuwa, waɗanda mazhabarsu ake bi a ƙasar Hausa, sun sharɗanta a kwarara ruwa har ainihin abin ya tafi. Akwai kuma abin da ake kira istihala, wato juyewar abu daga ainihinsa zuwa wani abu dabam, kamar giyar da ta koma tsami da kanta, wadda hukuncinta ke canjawa saboda ita kanta ta canja. Idan aka ɗora wannan a kan gona, sai a ga cewa narkarwar da ƙananan halittu ke yi wa magani har ya koma iska da ruwa da gishirin ƙasa ita ce ke kama da istihala, riƙon laka da ruɓi kuwa ɓoyewa ce kawai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ɓoyewa a matsayin gushewa.

Musulmi yana da dalilin da zai sa ya kyautata wa ƙasa zato, tun da daga gare ta aka halicce shi, a kanta yake sujada, da ita yake taimama in ruwa ya yanke, kuma ita ke suturta shi in ya mutu. Amma Alƙur'anin da ya siffanta ta da shimfiɗa mai sauƙin kai shi ne kuma ya bayyana a Suratuz Zalzala cewa akwai ranar da za ta fitar da nauyin da ke cikinta ta ba da labarin abin da aka aikata a kanta, kuma surar ta rufe ne da hisabi a kan abu mai ƙanƙanta kamar ƙwayar zarra. Ayoyin suna magana ne a kan lahira, kuma bai dace a mayar da su darasin kimiyya ba. Duk da haka siffar da suka ba ƙasa, ta mai ajiya wadda ke mayar da abin da aka ba ta, ta yi daidai da abin da ma'aunin masana ke nunawa. Malaman Hausa kan fassara jinkirin da Allah ke yi wa mai saɓo da kalmar talala, don su nuna cewa tsawon igiya ba ya nufin an kwance ta. Haƙurin ƙasa da abin da ake zuba mata jinkiri ne irin wannan, kuma jinkiri dama ce ta gyara ga wanda ya gane shi.

Waɗanda ba sa nan ranar feshi

Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya ambata cewa lamuni, wato wajabcin biyan ɓarna, yana hawa kan mutum ta hanyar lalata abu kai tsaye, ko ta zama sanadin lalacewarsa, ko ta ɗora hannu a kansa ba da haƙƙi ba. Riƙon ƙasa yana sanya tazara ta lokaci da ta wuri tsakanin mai feshi da wanda abin ya shafa, amma tazara ba ta fitar da aikin daga babin sanadi. Mutum huɗu ne aƙalla ba sa nan ranar feshi, alhali abin ya shafe su. Akwai wanda zai karɓi gonar baɗi ta hanyar aro ko haya ko jingina ko saye, ya shuka waken suya bai san abin da ke ciki ba, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe ya kira hakan algus, ya isa hujja a kan wajabcin bayyana aibin da ke ƙarƙashin fuskar da ta yi kyau. Akwai maƙwabcin gangare, mai lambu a fadama, wanda ruwan gonar tudu ke sauka wurinsa. Akwai mai shan ruwan rijiya da rafi da madatsa, mutum ko dabba, wanda fiƙihu ya kare tun da daɗewa da hukuncin harimin rijiya, wato filin da ke kewaye da ita wanda ba a yarda a yi wani abu mai cutar da ruwanta a cikinsa ba. Wannan hukunci yana cikin babin raya matacciyar ƙasa, babin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe wa littafi mai suna Ta'alimur Radi. Akwai kuma magaji, wanda zai karɓi gonar da irin ƙarfin da aka bar mata. Ana iya ƙara matan da ke tsinkar tafasa da lalo da gasaya a gefen gona, waɗanda abin da famfo ke kira ciyawa a wurinsu miya ne da kwaɗo.

Hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa kuma malamai suka gina ƙa'idar gusar da cuta a kansa, bai taƙaita hanin ga cutar da ke bayyana nan take ba. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya tabbatar a littafinsa Muwafaƙat cewa duban makomar ayyuka abin lura ne a shari'a, ta yadda aikin da asalinsa halal ne zai iya sauya hukunci saboda abin da yake haifarwa.

Wani zai iya cewa manomi bai san duk wannan ba, takardar jikin kwalba da Turanci take, kuma wanda bai sani ba babu laifi a kansa. Maganar tana da gaskiya ta fuskar zunubi, amma malamai sun bambanta zunubi da lamuni, domin wanda ya lalata dukiyar wani bisa kuskure ba shi da zunubi, biya kuwa yana kansa. Kuma sun yi ittifaƙi a kan cewa bai halatta mutum ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncinsa. Rashin sani yana sauƙaƙa wa manomi, amma yana ƙara nauyi a kan wanda ya sani: mai shagon da ke sayar da magani, da matashin da ya mai da feshi sana'a, da malamin gona na hukumar KTARDA, da masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Wani kuma zai ce gurɓacewar rijiya ko mutuwar wake ƙaddara ce. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum riƙo da sababi ba, kuma Suratur Rum ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata.

Kammalawa

Abin da ya fi ƙarfafa zuciya a wannan mas'ala shi ne cewa ƙarfin riƙon ƙasa ba tsayayyen abu ba ne, manomi da kansa ke gina shi ko ya rushe shi. Duk mangalar takin gargajiya da aka kai gona, da karan da aka bari ya ruɓe maimakon a ƙone, da gawon da aka ƙyale a tsakiyar fili, suna ƙara ruɓin da ke kama magani, suna kuma ciyar da halittun da ke narkar da shi har ya gushe da gaske. Auna magani gwargwadon da aka ƙayyade ba tare da ƙari ba, da rage shi a jigawa, da ƙin yin feshi idan hadari ya haɗo, da nisantar rijiya da bakin rafi wajen haɗawa da wanke famfo, da ƙin mai da kwalbar magani mazubin ruwa ko mai, da sanin abin da za a shuka baɗi kafin a zaɓi abin da za a fesa bana, da gaya wa mai karɓar gona abin da aka zuba mata, duk ayyuka ne na noma waɗanda kuma suke ayyukan riƙon amana. Ya kamata limaman Karfi da Malumfashi da Funtuwa su sanya wannan cikin huɗubobin farkon damina kamar yadda suke sanya zakkar amfanin gona a lokacin kaka, malaman gona kuma su isar da bayanin da Hausa a bakin kasuwa inda ake sayen maganin. Hadisi ya yi wa mai shuka bushara da ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukarsa, ko da bai san su ba. Wanda ke fatan ladan da ke bin aikinsa zuwa inda bai gani ba, wajibi ne ya ji tsoron alhakin da ke bin wannan hanyar, domin Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.